Na kwaso ulu a gwanjo babu takarda a jikinsa, yaya zan gane irinsa?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kwarashi. Don Allah ku ba ni shawara. Ranar Asabar na shiga Kofar Wambai neman wa yara rigunan sanyi, sai na tarar da wani yaro ya baza ulu a kan buhu, wai a cikin dilar kayan sanyi ya fito. Dunƙule goma sha ɗaya ne, na kwashe duka saboda arahar ta yi yawa. Sai da na zo gida na zazzage na lura ko ɗaya ba shi da takardar nan da ake naɗa masa a ciki. Biyar ruwan madara ne masu laushi kamar me, huɗu ruwan toka masu ɗan kaushi, biyu kuma farare sol masu sheƙi, in ka ja su ba sa miƙewa ko kaɗan. Ƙanwata ce ke da tsohon ciki, watan Disamba ake sa ran haihuwar, ina so in yi wa jaririn shawul da hula da safa. Tsorona kada in ɓata sati uku ina saƙa, wanki ɗaya ya lalata min aiki. Ga hotonsu nan. Wanne zan ɗauka, kuma kwarashi mai lamba nawa?

Hajiya Yalwa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raba lafiya. Ni shekara talatin da wani abu ina saƙa, ban taɓa karanta takardar jikin ulu ba. Hannu ne ke faɗa miki. Ki goga shi a wuyanki ko a cikin damtsenki, in bai yi miki ƙaiƙayi ba, ba zai yi wa jariri ba. Mai laushin nan ruwan madara shi ne ulu na gaske, da shi za ki yi. Mai kaushin ki yi wa maigida hular sanyi.

Anti Bilki: Hajiya, a yi min afuwa, zan ɗan saɓa miki a nan. Gwajin wuya yana da kyau, amma ƙaiƙayi kawai yake nunawa, ba ya faɗin abin da aka yi zaren da shi. Mu a kasuwa duk abin da ake saƙa da shi sunansa ulu, alhali mafi yawan wanda ke hannunmu akirilik ne, wato ɗan uwan roba, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Ulu na ainihi gashin tumaki ne, kuma tumakinmu na nan, Balami da Uda da 'Yankasa, gashinsu ba irin wanda ake kaɗawa ba ne. Na ainihin daga waje yake zuwa, irin su gashin tumakin marino na Ostareliya. Kuma sau da yawa shi na gasken ya fi kaushi, robar ce ke da santsi. Ni in za a tambaye ni, mai ruwan tokan nan nake zargi da zama gashin tunkiya.

Maman Ikram, ki yanki kamar tsawon yatsa daga kowane launi. Ki fita tsakar gida, ki ajiye kwano da ruwa kusa da ke, ki riƙe zaren da hantsaki ko ki maƙale shi a bakin almakashi, ki kusanta shi da wutar kyandir a hankali. Abu uku za ki lura da su: yadda yake kamawa, irin ƙaurinsa, da abin da ya bari bayan wutar ta mutu.

Auduga nan da nan take kamawa, ta ci bal-bal, ƙaurinta na takarda ne ko tsumma, ko kin hure wutar za ki ga jan garwashi yana bin zaren, tokarta kuma laushi gare ta kamar ta murhu. Gashin tunkiya da ƙyar yake kamawa, yana ɗan tsuwa yana nannaɗewa, da kin janye shi daga kyandir yakan mutu da kansa. Ƙaurinsa ba ya ɓuya, sak babbakar kan rago ranar Babbar Sallah. Yana barin baƙin gudaji, amma kina murza shi zai zama gari. Akirilik kuwa tun kafin wuta ta taɓa shi zai fara tsukewa, sai ya kama da ƙarfi yana narkewa yana baƙin hayaƙi mai hawa kai, in ya huce ya bar baƙin ƙullutu mai tauri wanda ba ya murzuwa.

'Yar Auta: Wayyo Anti Bilki da kin faɗa da wuri! Ina karantawa na tashi na gwada da ragowar ulun da nake koyo da shi, na riƙe da hannu, ya ɗigo min a babban yatsa ya manne. Yanzu haka wurin ya tashi.

Anti Bilki: Auta ai na ce hantsaki. Sannu. Ki sa yatsan a ruwa mai sanyi ya daɗe a ciki, kada ki shafa man goge baki ko manja. Amma dai kin samu amsarki, naki roba ne.

Hajiya Yalwa: Yaran zamani, komai sai an kunna masa wuta. Mu da muka koya a wurin matan mishan a Wusasa ba a taɓa ce mana mu ƙona ulu ba.

Anti Bilki: Hajiya ai lokacinku da takardarsa kuke sayensa a kanti, an riga an yi muku aikin.

Zainabu Maraɗi: Sannunku da hira. Mu nan wajenmu bosho muke ce wa gwanjo, kuma yawancin zaren da nake aiki da shi daga rigunan sanyin bosho nake warwarewa, don sabo ya yi tsada. Ni wuta ba ta cika gamsar da ni ba, saboda da yawa daga cikinsu gauraye ne. Za ki ji ƙaurin gashi, amma ki taɓa ƙullutun ki ji shi da tauri, sai ki rasa ina kika dosa. Abin da nake yi, ina zuba ruwan jabel, wanda ku kuke ce wa Hypo ko Jik, a ƙaramar kwalba, in jefa guntun zaren in rufe in bar shi ya kwana. Gashin dabba narkewa yake yi ƙurmus, da safe sai dai ki ga ruwa ya yi kumfa-kumfa babu zare. Auduga launinta ne kawai ke fita. Akirilik yadda kika sa shi haka za ki ciro shi, sau da yawa ko launin ba ya canzawa. In kuwa gauraye ne, za ki tarar zaren ya rame ya zama siriri, abin da ya rage shi ne robar. Daga nan ma kina iya ƙiyasta ko rabi da rabi ne ko gashin ya fi yawa. Sai dai jabel ɗin ya zama sabo, wanda ya daɗe a buɗe ƙarfinsa ya tafi. Kuma kada a haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Anti Bilki: Zainabu ta kawo magana. Wannan ma ya fi wuta tabbas a kan gauraye. Zaren safa na Turai misali, yawanci kashi 75 gashi ne, 25 nailan don kada dunduniya ta ci shi da wuri. A wuta zai ruɗe ki, a kwalba kuwa asirinsa tonuwa yake.

Maman Ikram: To ni tambayata, in ma na gane, wanne ya fi dacewa da jariri? Don na ga kamar kuna ɗaukaka na gashin.

Fati Jos: Bari in shigo nan, don mu ne sanyi ke ci da gaske. Ga babba, a garinmu, babu kamar gashin tunkiya. Yana riƙe ɗumi ko ya ɗan jiƙe, ba ya sa zufa ta taru. Amma ga jariri a gidan mai jego ban ba ki shawara ba. Kin san yadda ake wankin jego, ruwan zafi da sabulu da cuɗa, kullum. Waɗannan ukun su ne maƙiyan ulu na gaske. Gashin yana da wasu ƙananan ɓawo-ɓawo a jikinsa da ido ba ya gani, in zafi da cuɗa suka haɗu sai su sarƙe da juna, saƙar ta tsuke ta cure ta yi tauri, kuma ba ta komawa har abada. Na taɓa yi wa ɗan yayata riga, bayan suna da kwana biyu aka aiko min hotonta, ko 'yartsana ba za ta shiga ba. Kuka ne kawai ban yi ba.

Kina ma iya gwada wannan a tafin hannunki. Ki yanko sili biyu, ki jiƙa da ruwan ɗumi, ki ɗan shafa sabulu, ki murza su tsakanin tafukanki da ƙarfi kamar minti ɗaya. In suka manne suka zama abu ɗaya da ba ya rabuwa, gashi ne mai curewa. Roba da auduga za su rabu abinsu.

Anti Bilki: Ƙari kaɗan a kan na Fati: akwai gashin da ake yi wa magani tun a masana'anta don ya jure injin wanki. Shi ba zai manne a tafin hannu ba, amma a wuta zai yi ƙaurin babbaka, a kwalba kuma zai narke. Shi ya sa gwaji ɗaya ba ya isa, a haɗa biyu ko uku.

Hajiya Yalwa: To ashe maganata ce dai ta dawo. Na ce ta yi da mai laushin, ku ma kun ce ta yi da mai laushin. Duk wannan kyandir da kwalba na mene ne?

Maman Sadik: Hajiya akwai amfani fa. Ni roba ce ta ba ni tsoro. Lokacin sanyi ɗakin mai jego ba ya rabuwa da kaskon garwashi, ga turaren wuta. Kun ga abin da ɗigo ɗaya ya yi wa yatsan Auta. A ce bakin shawul ne ya taɓa garwashi yana jikin jariri fa? Auduga ma tana ci da wuta, amma ba ta narkewa ta manne a fata. Ni tun da na saƙa abin sauke tukunya da ulun kasuwa ya narke a jikin hannun tukunyar na shiga taitayina. Abin kicin yanzu sai auduga.

Fati Jos: Gaskiya ne Maman Sadik, amma bargunan jarirai da ake saya a kanti su ma kusan duk roba ce, foliyesta ko akirilik. Maganin shi ne a raba jariri da kasko, wanda dama ko don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki ya kamata a yi. Ni a asibiti nake aiki, abin da ya fi damuna da kayan gwanjo ba wannan ba ne. Maman Ikram, ki shinshina ulun. In kika ji warin kafur, ƙwallayen nan farare da ake sawa a akwati, to ki wanke shi sosai ki shanya har warin ya fita gaba ɗaya kafin ya kusanci jariri. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini, G6PD ake ce masa, kuma yana da yawa a ƙasar nan, musamman a yara maza. Kafur yana farfasa musu jini ya jawo shawara mai tsanani. Kuma don Allah bayan kin gama saƙar kada a adana ta da kafur a akwatin kayan haihuwa, iyayenmu suna son yin haka.

Hajiya Yalwa: Wannan kam ban sani ba. Allah ya saka da alheri Fati. Akwatin jikata ma akwai shi a ciki, yau zan sa a fitar.

Malam Sani Mai Dila: Salamu alaikum Hajiyoyi, ku yi haƙuri da kutse, uwargida ce ta sa ni a zauren nan don in riƙa sanar da ita in kaya sun zo. Ni sana'ata ke nan, fasa dila. Ulun da kuke gani yana fitowa jefi-jefi ne, ba a yin dilarsa daban a wurinmu. Ragowar aikin mutane ne can, wani ma an fara saƙa an bari, har da ƙarafunan a jiki muke samu. Don haka Maman Ikram kada ki ɗauka biyar ɗin nan don launinsu ɗaya uwarsu ɗaya. Ki fito da su rana ki jera, a ɗaki ido yana ƙarya. Kuma ki gwada kowanne dunƙule da kansa.

Ga masu warware riga kuma, ku juya cikinta ku duba ɗinkin gefe kafin ku biya. In kun ga an bi bakin da keken ofalok, to yanka saƙar aka yi da almakashi aka haɗa, kuna warwarewa guntu-guntu zai riƙa fitowa, kowane layi da nasa. Wadda aka saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa da ɗinki mai kama da sarƙa ita ce ke ba da zare mai tsawo.

Zainabu Maraɗi: Malam Sani ka tuna min asarar da na yi farkon farawata, riguna uku na saya duk masu ofalok. Ƙarshe cusa su na yi a matashin kai. Wani abu kuma, zaren da aka warware yana fitowa a murɗe kamar taliyar yara. Ni ina naɗa shi a bayan kujera ya zama babban zobe, in ɗaure shi wuri huɗu da wani zaren, in jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, ba cuɗawa, in matse a tawul in rataye a inuwa. Na gashi yana miƙewa sarai. Na roba yana da taurin kai, sai an nuna masa tururin ruwan zafi daga nesa. Kada dai dutsen guga ya taɓa shi, zai kwanta ya mutu ya daina tashi.

Maman Ikram: Na gode ƙwarai. Saura maganar kwarashi da kuma ko zai isa.

Anti Bilki: Ɗauki fensir ki naɗa zaren a jikinsa, zagaye kusa da zagaye, kada ki ja kada ki cusa. Sai ki ɗora rula ki ƙirga zagaye nawa suka cika inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi. Masu zare na Amurka sun kasa kauri daga lamba 0 zuwa 7. Zagaye 11 zuwa 15 shi ne lamba 3, irin wanda aka fi yi wa jarirai kaya da shi, kwarashi milimita 4 zuwa 5 yana tafiya da shi. Zagaye 9 zuwa 12 lamba 4 ne, ki nemi kwarashi milimita 5 zuwa 6. Kin ga lambobin suna shiga juna, don haka kada ki rantse a kansu. Ki saƙa ɗan murabba'i kamar tafin hannu, ki auna shi, ki wanke shi yadda kika san za a wanke shawul ɗin a gidan ƙanwarki, ya bushe ki sake aunawa. Ki sa farin ƙyalle a ruwan wankin ki gani ko yana zuba.

Tsawo kuma lissafi ne. Auna mita 10 da tef ba tare da kin yanke ba, ki ɗora a sikeli. A ce ya ba ki giram 4, to kowane giram mita biyu da rabi ke nan, dunƙule mai giram 100 yana da mita 250. Sikelin kicin ba ya kama ƙaramin nauyi da kyau, ki auna mita 20 ko 30, ko ki roƙi mai sayar da gwal ya ɗora miki a nasa. Shawul ɗin da na yi bara, kusan mita ɗaya kowane gefe, ya ci min wajen mita dubu. Kwarashi ya fi saƙar ƙarfe biyu cin zare.

Hajiya Yalwa: Mu dai ninka zaren muke yi biyu mu kwantar da shi a bakin ƙugiyar, in ya cika ta daidai bai yi tozo ba, ita ce tasa. Ba rula ba fensir.

Anti Bilki: Wannan kam Hajiya ban da ja, ni ma haka nake yi in ina sauri.

Maman Ikram: Salam, na dawo da rahoto bayan kwana biyu. Fararen nan biyu auduga ce, ƙaurin takarda, toka mai laushi. Anti Bilki ta ce min ta waya sheƙin daga wani wanki da ake yi wa audugar ne a masana'anta, zan ajiye su in yi wa jaririn hular zafi. Ruwan madara biyar duk sun narke sun yi ƙullutu, akirilik ne. Amma Malam Sani ka yi gaskiya, da na jera su a rana ɗaya ya fi sauran ja-ja, kuma zagayensa 10 ne, sauran 13. Na ware shi. Huɗun da suka rage giram 370 ne, mita 10 kuma giram 4, in lissafina daidai ne mita 925 ke nan. Zan rage faɗin shawul ɗin kaɗan, in yi bakinsa da na biyar ɗin tunda kauri a baki ba laifi ba ne.

Ruwan tokan kuwa, Hajiya ki yi haƙuri, maigida na shigowa ya tambaya wa ke babbaka a gidan. Uku sun narke a kwalba babu ko alama. Na huɗun ya bar wani siririn zare kamar gashin masara. Matsalar ita ce ɗaya daga cikin ukun ina warwarewa yana tsinkewa, kusan kowane taku biyu, kuma akwai wani abu kamar yashi a cikinsa.

Fati Jos: Asu ne ya ci shi, yashin nan kashinsa ne. Maza ki raba shi da sauran kayanki, wannan dunƙulen ki jefar kawai. Asu gashi yake ci, ba ruwansa da roba, shi ma wata shaida ce. Sauran ukun ki ɗaure a leda. In kina da firiza mai ƙanƙara sosai ki bar su sati guda a ciki.

Maman Ikram: Anti Fati wace wutar? Jiya awa uku muka samu.

Fati Jos: To baƙar leda, ki sa a cikin mota a rufe gilashi da tsakar rana, kwana biyu ko uku a jere. Zafin da ya haura digiri 50 yana kashe su har ƙwan. In kuma ba ki da abin yi da su, ni ina so. Ina da akirilik ruwan hoda dunƙule uku sababbi da takardarsu, mu yi musaya, direbobin Jos suna lodi kullum.

Hajiya Yalwa: Ni dai a hoto aka nuna min. Da a hannuna aka sa shi da tuni na faɗa muku.

Maman Ikram: Haka ne Hajiyarmu. Anti Fati na yarda, amma ki bari a haihu tukuna mu ga ko ruwan hodar zai yi. Yanzu sarƙa nawa zan fara da ita a kwarashi milimita 4, in ina son faɗin santimita 85?

Anti Bilki: Murabba'in da kika wanke, ɗauri nawa kika samu a santimita 10? Turo min adadin in lissafa miki.